Ruwan da Aka Daina Damawa

A ɗakin gwaje-gwajen jami'a, kwalba tana zaune a kan injin damawa, ruwan cikinta fari kamar madara, ko motsi ba ya yi. A soket ɗin injin kuwa, wayar Inna mai shara ce ke shan caji hankalinta kwance.

Ɗalibar da ke aikin ta dawo, ta gani, ta dafa tebur. Shekara biyu tana fama ta haɗa ƙananan ƙwayoyin silika, sinadarin yashi, a ruwa zalla, zagayayyu, girmansu ɗaya, kowace da shafen sinadarin da zai kama dalma a gurɓataccen ruwa. Kullum sai su fito a cure kamar gishirin da ya sha danshi. Farfesa ya ce wannan ne gwajin ƙarshe, in bai yi ba a rufe aikin. Takardar da take bi ta ce a dama awa shida ba tsayawa, ita kuwa ba ta taɓa saɓa wa takarda ba.

"Inna, kin kashe ni!"

Inna ta jingine tsintsiya. "Subhanallahi! 'Yar nan, gani na yi abin yana ta wahala shi kaɗai, na ce bari ya huta."

Dariya ta taso wa ɗalibar, kuka ya riga ta. Har za ta zubar da ruwan, sai ta tuna yau ne layinta a wurin na'urar ƙara girma. Da babu gara ba daɗi. Ta ɗiga kaɗan, ta busar, ta kai.

Mai kula da na'urar, wanda bai taɓa yabon ko shayin matarsa ba, ya daɗe yana kallon allo.

"Malama, wa ya haɗa miki wannan?"

Ta leƙa. Ga ƙwayoyi reras, kowace ita kaɗai, babu wadda ta fi wata. Gwajin shafen ma ya nuna ya zauna daram. Ashe doguwar damawar ce ke haɗa su karo tun ba su yi ƙwari ba. Daɗi ya rufe ta, har da 'yar kunya.

Sai dai abin da ba a maimaita ba, Farfesa ba ya kiran sa sakamako. Ta koma wurin Inna da gudu.

"Inna, ƙarfe nawa kika cire?"

"Ina ni ina agogo? Kina kunna shi kika fita, ni kuma na shigo. Na share daga ƙofa zuwa taga, na goge tebura, sannan na cire."

Ɗalibar ta miƙa mata tsintsiya da hannu biyu, ta kwance agogonta ta riƙe.

"Don Allah Inna, a sake sharewa. Kada a yi sauri don ina kallo."

"Oh ni! Yau sharata ta shiga karatu."

Inna ta gyara ɗaurin zaninta, ta fara daga bakin ƙofa.