Wa Ya Taɓa Motar Safwan?

Ranar da Safwan ya shigo Danwarai da motar nan rabin gari na kasuwar Jega, shi ya sa mutane ƙalilan suka ga shigowarta. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, ga ta gajera har cikinta na shafar ƙasa kamar guza. Irin motocin gudun nan ne da ake ƙera wa kwalta mai santsi, amma haka yaron nan ya lallaɓo da ita ta hanyar amalanken shanu, ya cusa ta cikin siton albasar yayansa Ya'ƙub. Ya daɗe a ciki shi kaɗai, sannan ya ja tamfol ya lulluɓe ta, ya fito yana kakkaɓe hannu.

"Yaya, amana ce na ba ka," in ji shi, yana miƙa makulli. "Kada kowa ya taɓa ta. Kada a tada ta. Ka bar ta ta yi barcinta har in dawo."

Ya'ƙub ya karɓa da hannu biyu. Shi ya reni Safwan tun rasuwar mahaifinsu, da albasar gonarsa ya kai shi makaranta, kuma tun da yaron ya tafi Legas babu majalisar da Ya'ƙub zai zauna bai sako sunansa ba. To yau ga ƙaninsa da motar da ko a Birnin Kabi sai an waiwaya an kalle ta. Ya ɗaure makullin a zariyar wandonsa, ya sa wa sito sabon kwaɗo. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, aka dasa albasa, mota na nan ƙarƙashin tamfol.

Sai da aka fara cirar albasa rigima ta taso. Bana gona ta yi kyau fiye da yadda aka zata, ga zafin bazara ya kunno kai, kuma albasa ba ta jiran kowa. In ba a shimfiɗa ta a inuwa inda iska ke ratsawa ba, sai ka wayi gari ka ji wari. Ya'ƙub ya dubi sito, ya ga mota ta zauna a tsakiya ta cinye wuri. Ya kira Safwan ya nemi izini, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya ce a ransa, ai matsar da ita gefen bango ba taɓawa ba ce. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa a-kori-kura zuwa Aliero, ɗan matsawar nan ne zai gagare shi?

Ya yaye tamfol, ya danna makulli. Shiru. Ya sake dannawa har babban yatsansa ya yi zafi, ko ƙiftawa fitilunta ba su yi ba. Da ƙyar ya gano wani ɗan siririn makullin ƙarfe a cikin wancan, ya buɗe ƙofa, ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga. Ya danna maɓallin tayarwa. Ko tari ba ta yi ba.

Ya fito ya lalubi bonet ya ɗaga, ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya zura hannu har kafaɗa. Inna lillahi! Babu batir. Duk motar da ya sani a duniya batirinta na nan gefen inji, kowa na ganinsa. Wannan kuwa ko inuwarsa babu.

Ya zauna a kan buhu, gumi na bin gemunsa. Ba batirin ne ya dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ranar da Safwan zai dawo ya dube shi ya ce, Yaya, abu ɗaya tak na bar maka. Da wane ido zai kalli yaron?

Ya duba kwaɗo, lafiyarsa lau. Ya duba rufi, babu inda aka ɗaga kwano. Ashe ɓarawon na gida ne, ko wanda gida ya saba da shi. Ya shiga cikin gida fuska a murtuke, ya tarar da matarsa Bushira tana tankaɗe.

"Wa kika ba makullin sito?"

"Ni? Makullin da ko wanka za ka shiga da shi kake tahiya?" Ta ajiye rariya ta dube shi. "Malam, mi ya hwaru?"

Dubanta kawai yake, yana tuna ranar da ya kwanta zazzaɓi wandon na rataye a ƙusa. Bushira ta gane kallon, ta ce, "To, Allah shi kyauta," ta ja rariyarta. Daga ranar sai ta riƙa ajiye masa tuwo ta fita ba magana.

Mutum in zargi ya shige shi, wallahi ko gaisuwa sai ya juya ta ya duba bayanta. Limami ya ce masa, "Ina labarin mutumin Legas?" sai Ya'ƙub ya ce to, shi kuma mi ya kai shi ga wannan tambaya? Masu cirar albasa suka yi dariya a gona, ya ce da shi suke. Har akuyar da ta tsaya ƙofar sito sai da ya harare ta.

Ana cikin haka, bayan magariba yana dawowa daga masallaci, ya hangi haske a gidan Hamma. Hamma Bafulatani ne, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, wanda shanunsa ke kwana a gonar Ya'ƙub bayan girbi suna zuba masa taki. Tare suka yi ƙuruciya, tare suka yi aure. Gidan Hamma bai taɓa sanin abin da ya wuce tocila ba, yau ga farin ƙwan lantarki rataye a bishiya. Ya'ƙub ya yi sallama ya shiga. Ya bi waya da ido tun daga ƙwan har ƙasa, sai ga batirin mota baƙi, zaune a kan turmi.

"Ka ga mun shigo birni," in ji Hamma yana dariya. "Da rana hwarantin sola ya sha rana ya cika shi, da dare mu sha haske. Zamna mana."

Ya'ƙub bai zauna ba. "Ina ka samo shi?"

"Mungadi. Wajen surukina."

"Mungadi," in ji Ya'ƙub a hankali. "Yaushe anka hwara ƙera batir a Mungadi?"

Dariyar Hamma ta tsaya. "Mi kake nuhi?"

"Na motar ƙanena ya ɓace. Kuma duk garin ga, bayan iyalina, kai kaɗai ka san inda nike aje wandona in na shiga rahi ban ruwa."

Kaico. Maganar da ba a faɗa wa bare, ya faɗa wa mutumin da ya riƙe masa makarar uwarsa. Hamma bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya cire waya, gida ya yi duhu, ya ce, "Sai da sahe, Ya'ƙub."

Da safe Ya'ƙub ya hau babur ya tafi Jega ya ɗauko Waliyyu makanike, don ya faɗa masa irin batirin da za a nema a mayar tun Safwan bai ji ba. Suna isowa suka tarar da Hamma tsaye a ƙofar sito, batiri a gabansa a ƙasa.

"Ga shi," in ji Hamma. "In naku ne ku mayar inda yake. Ni dai a gaban idona za a gwada."

Waliyyu ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ga ba ruwansa. Ya shiga ya leƙa bonet, ya zagaya bayan motar, ya karɓi ɗan siririn makullin ya buɗe but. Ya ɗaga shimfiɗar da ke ƙasa. Ga batiri nan kwance cikin raminsa, ƙura ta rufe shi, ba inda ya je.

"Irin waɗanga a baya suke aje shi," in ji Waliyyu.

Ya'ƙub ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Ya kasa juyawa wajen Hamma. Yana neman kalmar da zai fara da ita, sai Waliyyu ya yi tsaki.

"Amma hwa wani ya taɓa nan. Dubi. An kwance kan batirin guda da sifana, an tura waya gehe. Ba ɓera ne ya yi wannan ba."

Ka ji mutum! Nan take kunyar ta koma gefe, zargi ya dawo ya zauna. Ya saci kallon hannun Hamma, ya tuna Bushira, har Waliyyun da ya ɗauko da kansa sai da ya raya a ransa ko yanzu ya kwance don ya nuna ya yi aiki. Ba wanda bai auna ba, ban da mutum ɗaya.

Waliyyu ya ɗaure kan batirin, aka danna, shiru. Ya ce dogon zama ya shanye shi ƙaf, sai an ba shi wuta daga wani. Duk suka dubi batirin da ke ƙofa.

"Ɗauka," in ji Hamma. "Tunda an kai shi ga shari'a, bari shi yi aiki."

Aka jawo shi, aka haɗa wayoyi, ja ga ja, baƙi ga baƙi. Suka ɗan jira. Waliyyu ya shiga ya danna. Motar ta yi gurnani sau ɗaya, sannan ta fasa wata irin ƙara da ta sa kwanon rufi ya ɗau rawa, tantabaru suka watse. Fitilu suka kama gaba da baya. Ya'ƙub bai san sa'ad da ya ce Alhamdu lillahi da ƙarfi ba. Amana ta dawo, ba abin da ya ɓace, ƙaninsa zai zo ya sami kayansa da rai. Don murna ya zaro waya ya kira Safwan, kuma a wannan karon aka ɗauka.

"Yaya, ina cikin aiki, bari in..."

"Tsaya ka ji wata murya." Ya'ƙub ya kara wayar kusa da inji, yana murmushi har kunne, sannan ya mayar kunnensa. "Ka gane ta? Batir ne ya mutu, har wani ɗan banza ya kwance mata waya, amma mun tada ta."

Ya'ƙub har ya ɗauka layi ne ya yanke.

"Kashe ta," in ji Safwan. Muryar kamar ba tasa ba. "Yaya, kashe ta yanzu! Ku cire kan batirin! Tun yaushe take kunne?"

"Kai, lahiya? Ai makanike ya ce a bar ta ta ɗan..."

"Ni na kwance wayar! Ni! Ban ce kada a tada ta ba? Akwai wata na'ura ɓoye a jikinta mai nuna inda take. Na neme ta ban gan ta ba. In batir ya samu wuta ita ma ta samu."

Ya'ƙub ya juya baya ga mutanen, ya rage murya. "Nuna inda take. Nuna ma wa?"

Ya ƙara manna wayar a kunne.

"Safwan. Motar wa ce cikin sitona?"

"Yaya, ba wada kake tsammani ba ne. Maigidana ne, ya riƙe mani haƙƙina, na ce in ɗan riƙe ta har ya..."

"Ya san ka ɗauka?"

Safwan ya shiga kame-kame.

Ya'ƙub ya dafa motar, ya yi sauri ya janye hannun kamar ya taɓa tukunya. Ya yi wa matarsa kallon ɓarauniya. Ya shiga gidan amininsa ya kira shi ɓarawo. Ashe tun bara shi ne mai gadin kayan sata, da sabon kwaɗo, da makulli a zariya, yana yawo majalisa-majalisa yana yabon yaron. Zuciyarsa ta yi masa zafi, kuma abin haushin, ko a lokacin son yaron bai ragu ba.

"Yaya, don Allah, don darajar Baba," Safwan na kuka yanzu. "Sifana guda ce. Ka kwance, ƙila ba su gani ba. Ni ne hwa, Safwan naka."

Waliyyu na tsaye da sifanar a hannu, ya ji rabin zancen ya gane sauran. "A cire, Malam?"

Ya'ƙub ya dubi sifanar ya daɗe. Ya ɗaga ido, karo na farko tun safe, ya dubi Hamma. Hamma na nan tsaye, bai tafi ba.

"Bar ta," in ji Ya'ƙub. "Hamma, in za ka iya yi mani wannan bayan abin da na yi maka, buɗe ƙohwar duka biyu. Mai ita ya same ta a hili."

Hamma ya je ya tura ƙyauren, rana ta shigo ta sauka a kan jan fenti. Ya'ƙub ya share ido da hannun riga, ya mayar da wayar kunnensa.

"Ba ni kashe ta, Safwan. Gidana ta nuna, nan za su zo, kuma ba inda za ni. Ka shiga mota ka taho mu tarbe su tare, ko ka zamna inda kake su tahi da ni."

Ya kashe wayar, ya jawo buhu ƙofar sito, ya zauna yana duban hanyar da ta fito daga Aliero.