Jirgin Ƙasan Roba a Kulob ɗin Dattawa

Ranar Asabar Milagros ta ɗauki ɗan jirgin ƙasanta na roba, wanda ta saya a gwanjo, ta nufi kulob ɗin masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa na birnin Rosario. So take su karɓe ta, amma ka'idarsu ba a zama ɗan kulob sai jirgin mutum ya zaga layin dogonsu.

Don Evaristo, shugabansu, ya ɗaga jirgin da yatsu biyu kamar mushen ɓera.

"'Yata, wannan a kwalin biskit kika tsinto shi?"

"Yana tafiya fa, Baba," ta ce.

"Kyankyaso ma yana tafiya," in ji wani tsoho mai sanƙo. "Roba a kan dogonmu? Allah ya kiyaye!"

Ƙoƙon shayin gargajiyarsu mai suna mate, da suke zagayawa da shi kowa ya kurɓa, ya iso kanta, ta miƙa hannu, aka tsallake ta. Ta mayar da jirginta jaka. Tana bakin ƙofa ta ji Don Evaristo ya yi ajiyar zuciya.

"Kun gani ko? Wata ma ta gudu. Tsadar kayan nan ce ke korar mana yara."