Fuskar Hansatu Ta Ƙi Bushewa

…kuma har yanzu yana manne wa yatsa. Kwana tara, Hansatu. Wane irin fenti ne wannan?

Shekara ashirin ina haɗa rini a masaƙar Sharada — ka tsoma yadi, ka shanya, kafin la'asar ya bushe. Ruwa tashi yake yi. Mai kuwa… ina zai je? Gwadabe na kamfanin fenti a Bompai ya ce iska yake sha har ya daskare. Mai ya sha iska? Shi ya ba ni kwalbar, man linsid, wai daga 'ya'yan wani tsiro. Da man gyaɗa na fara — wata guda kumatunki na dalala a kan ƙyalle, ƙudaje na bi.

Zanen nan na ofishin manaja, ranar da aka rufe masaƙa… kowa na kallon takardar sallama, ni ina kallon bango. Wata Baturiya da tulu. Fatarta kamar da jini a ƙarƙashi. Yaya aka yi? Manaja ya ce tun ɗaruruwan shekaru mutanen Turai ke niƙa ƙasa da duwatsu cikin mai, shafi kan shafi, kowanne siriri, haske ya ratsa ya dawo. Na ƙasa mai kaɗan, na sama da yawa, in ba haka ba ya tsattsage. Wa ya fara gano wannan? Fuska nawa ya ɓata?

Ba ki taɓa yarda an ɗauke ki hoto ba. Ko ɗaya. Shekara biyu da rasuwarki, ga ni ina niƙa jar ƙasar bakin kogin Challawa a dutsen niƙanki, da baƙin tukunya, da alli. Ashe launinki ba baƙi ba ne — akwai ja, akwai wani kore-kore gefen haɓa…

Tabon ƙunar nan, hagu ne ko dama? Na sa, na goge, na sake sawa. Mai ba ya gaggawa.

Ɗazu Zulfa, babbarmu, ta zo gaishe ni daga Na'ibawa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi.

"Baba, ni kuka zana?"

Ita… Hancin nata ne. Goshin ma. Tun yaushe? To ke fa — kina ƙarƙashin shafi na nawa? Na uku? Na farko? In na kankare, wa zan tarar…

Wuƙar kankare fenti tana hannuna. Hannun ya ƙi ɗagawa.