Galiyardar Bortolo

Bortolo yana zaune a kan benci a farfajiyar masaƙan birnin Mantuwa, yana jiƙa bakin algaitarsa, rana tana dukan ƙeyarsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana yi wa garin busa, shi da Lazzaro mai kakakin tagulla da Zuwane mai ganga. Shi ya tsara galiyardar da za su kaɗa a bikin masaƙa ranar Lahadi, kiɗa mai zafi, taku biyar sai tsalle, wanda ko tsohuwa ta ji sai ta tattare riga.

Sau uku suna farawa, sau uku Zuwane yana dafe ganga.

"Kai kuma lafiya? Hannun ne ya tsufa?" in ji Bortolo yana dariya.

Babu wanda ya taya shi. Lazzaro ya ajiye kakaki, ya matso har gemunsa yana gogar kunnen Bortolo, sannan ya ɗaga murya.

"Abokina, kana bayanmu da taku guda. Tun bikin Ista kake haka."

"Ƙarya kake, mai tumbin randa!"

"Ina ma ƙarya ce. A auren gidan alƙali mun gama, kai kana ta busa kai kaɗai. Kunyarka mutane suka ji, suka yi tsit."

Bortolo ya tuna ranar sarai. Shi a zatonsa daɗin busar ne ya kashe musu baki. Har labari ya ba matarsa.

"Wa kuka samu a madadina?" ya tambaya.

Ya ga leɓɓan Zuwane suna motsi, amma ko kalma ɗaya ba ta iso masa ba. Sai da Lazzaro ya maimaita da ƙarfi: wani mutumin garin Kiremona ne. Bortolo ya naɗe algaita a tsumma, ya miƙa musu takardar kiɗan.

"Ku ce masa kada ya ja baiti na biyu. Gudu yake so."

Ranar Lahadi, da aka fito daga coci, Bortolo ya je ya tsaya a gefen rijiyar dandali. Samari suna ta tashi sama, huluna suna faɗuwa, mata suna tafi. Shi kuwa abin da ke zuwa masa bai wuce dum-dum ba, kamar ana daka a gida mai nisa. Daga ƙafafun masu rawa yake gane inda kiɗan ya kai, yatsunsa suna bi a jikin sandar da yake dogarawa.

Can Lazzaro ya hango shi daga kan dakali. Kumatunsa suka saɓe, kakakin ya sauka daga bakinsa. Zuwane ya harari Lazzaro, masu rawa biyu suka yi karo.

Bortolo ya ja hula ya rufe fuska, ya bi ta bayan mai gasa gyaɗar kurmi ya sulale cikin lungu, don Lazzaro ya samu ya ƙarasa.