Tarwaɗar da Delu Ta Ƙi Ci

Duk wanda ya san tabkin da ke gabas da Guna kafin shekarun fari ya san jirgin Alkasum masunci, don babu mai irinsa. Gadon ubansa ne. A tsakiyarsa an kange wuri da katako, an liƙe da kwalta, kullum cike da ruwa. Ɗakin uwa suke ce masa. In babbar tarwaɗa mai ƙwai ta faɗa komarsa ta su, ba a kai ta kasuwar Mirriya. A ɗakin nan ake sa ta ta huta, ƙarfinta ya dawo, sannan a tuƙa zuwa zurfi a sake ta. Manoman garin suna yi masa dariya, wai mutum ya kama nama, ya yi jinyarsa, ya sallame shi. Shi kuwa bakinsa ba ya mutuwa. Sai ya ce gara shi da su, masu zuba iri da yayyafin farko su dawo suna kuka rana ta ƙone.

Sai damina ta zo ta wuce ba ta jiƙa ƙasa ba, ta bayanta ma haka. Tabki ya yi ta janyewa har ya zama taɓo, gari ya shiga da kwanduna ana tsintar kifi da hannu. Ba wanda za a zarga, yunwa ce. A cikin turmutsutsun nan Alkasum ya tsamo tarwaɗa biyu, uwa da namiji, ya rungume su kamar jarirai. Maƙwabcinsa Nomau ya ara masa amalanke, aka kai jirgin tsakar gida, ƙarƙashin tsamiya. Nufinsa ɗaya ne: su rayu har ruwa ya dawo, tabki ya samu iri.

Riƙon kifi a shekarar da mutum ba ya samun ruwan alwala ba wasa ba ne. Rijiyar da ta rage tana da nisa, kuma matarsa Delu ce mai zuwa. Takan dawo da tulu wuyanta na rawa, ta fara zuba wa kifayen kafin ta kurɓa. Shi kuma ya bi suri yana tono musu gara. 'Ya'yansu sun bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Zinder inda aka ce ana rabon jar dawa, gida ya rage su biyu, sai abin da ke motsi cikin jirgi.

Ganye da dusa ba sa riƙe tsohuwa. Ƙafafun Delu suka kumbura, tulu ya gagare ta. Wata safiya Alkasum ya dube ta, ya dubi jirgi, ya ɗauko wuƙa.

Ta ce, "Malam, ajiye wuƙar nan."

Ya ce, "Romo kawai, Delu. Ki samu ki miƙe."

"In na sha yau, gobe fa? Shekara da shekaru kana cika mini kunne da ɗakin uwa, sai yanzu da na koyi karatun za ka rufe makarantar? Ban karya wuyana da tulu don in cinye su ba. Ka mai da su ruwa, jikokina su samu abin kamawa."

Ya ajiye wuƙar. Wallahi ya so ya yi mata gardama, amma bai taɓa cin Delu da magana ba, ba kuma ranar zai fara ba. Cikin zafin bazara ta cika. Aka kai ta, ya dawo ya ɗauki tulunta ya nufi rijiya, yana tafe yana kuka ba ya ko ɓoyewa.

Daga nan kallon kifayen ya zame masa azaba. In ya leƙa ɗakin uwa, kumburarrun ƙafafunta yake gani. Ba abin da yake so irin ya sauke wannan amana ya huta.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa, kwarin tabki ya tara har gwiwa. Da gari ya waye Alkasum ya sa kifayen a masaki ya ɗauka. Nomau ya tare shi a ƙofa.

"Maƙwabci, dakata. Ni ko ƙwayar iri ban fitar ba. Ruwan nan ban yarda da shi ba, a bari na biyu ya sauka."

Alkasum ya ce, "Kai ka san ƙasa, ni na san ruwa. Matsa mini."

Ya shiga har gwiwa, ya riƙe uwar a tafin hannu yadda ubansa ya koya masa, har ta kaɗa wutsiya ta sulale, namijin ya bi ta. Ranar ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Sama ta washe, ta kuma ƙi haɗuwa. Ƙasar da ta shekara biyu da ƙishi ta shanye ruwan kamar ana zuƙa. Da ya ga haka ya koma da masaki don ya maido su gida, amma sun nutse cikin taɓo, ya yi ta laluba har faratansa suka fashe bai same su ba. Wari ne ya nuna masa wurin bayan taɓon ya tsage. Suna kwance kusa da juna, cikin uwar ya fashe, ƙwan ya bushe a kan laka.

Nomau, wanda ya sha ba'ar yayyafin farko a bakin Alkasum, bai rama ba. Zama ya yi kusa da shi a kan busasshiyar lakar. Alkasum ya daɗe yana kallon kifayen, sannan ya juya wajen maƙabarta.

Ya ce, "Delu, da ma kin sha romon nan."