Kukun Barikin Ikara

"Yau dai ka buɗe baki, Malam," in ji Sabuwa. "Motar baƙon naka Zariya za ta. Ko ya rage maka hanya zuwa asibiti, ko ya ba ka na mota."

Katangarmu ɗaya da Jumare, duk abin da aka faɗa a gidansa sai ya faɗo cikin nawa. Matarsa ce ke yi masa magana. Tari ya yi mai tsawo, ya ja takalminsa ya fita.

Jumare ne kukun barikin Ikara, masaukin baƙi na gwamnati, tun zamanin Turawa. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, don a ofis sun ce ai baƙi suna ba shi tukuici. A da kam haka ne. Bature ba ya gaisuwa, amma in zai tafi sai ya bar sule a ƙarƙashin faranti. Da aka samu mulkin kai, sai baƙin suka koma 'ya'yanmu. Yara masu ladabi, wallahi. Su durƙusa su ce Baba, su tambayi iyali har da awaki. To amma wa zai miƙa wa sa'an ubansa sule kamar yaron gida? Kunya ta hana su bayarwa, shi kuma ta hana shi tambaya. Albashi yana nan inda Bature ya bar shi.

Ran nan na kai itace bariki a kan jaki, na tarar baƙon yana shirin tafiya. Malam Ahmadu ne, malamin gona, mai yawan sauka a nan.

Ya ce wa Jumare, "Baba, wannan tarin fa?"

"Sanyin damina ne, ranka ya daɗe."

"Haba Baba, ni ɗanka ne, bar ce mini haka."

Ya sa hannu a aljihu. Ya dubi furfurar Jumare, ya dube ni, sai ya zaro hankici ya share fuska.

"A sa mu a addu'a, Baba."

Jumare ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, tari yana katse shi. Motar ta tashi, bayanta ba kowa sai kwandon albasa.

Na ce, "Ga wuri a baya, ka bari ta tafi?"

"Baƙona ne, Gambo. Na ciyar da mutum, sannan in roƙe shi?"

Haushin su biyun ya kama ni. Na sauke itacena na koma gida.

Jumare bai ga kaka ba. Ya rasu wata safiya yana ɗaura farar rigar aikinsa, muka kai shi kafin azahar.

Ranar sadakar uku sai ga Malam Ahmadu da buhun shinkafa, da takardun fam a fili, ba ɓoyo. Bayar da sadakar mamaci ba abin kunya ba ne. Na yi masa iso wurin Sabuwa, ya durƙusa yana hawaye, kuma na gaskiya ne.

"Inna, me ya sa bai gaya mini ba?"

Ta daɗe tana jan carbi. "Kai ma ai ka ji tarin, ɗan nan. Allah ya ba da lada."

Da na fito, buhun yana jingine a zaure. Ƙusar mota ta huda gindinsa, kaji sun taru suna tsattsagar abin da ya zube.