Aljihun Fayil

Tun da aka buɗe kotu wata tsohuwa take zaune a bencin ƙofar ofis. Ɗanta yana gidan yari, kuma ƙarar da ya ɗaukaka ta rataya ne a kan shaidar wani mai gadi da ya ce ba shi ya gani ba. Mai gadin ya rasu bara. Muryarsa da aka naɗa a kwamfuta kaɗai ta rage.

Injiniya, wadda ke kula da kwamfutocin kotun, ta nemo fayil ɗin a rumbun ajiya. Ga suna, ga kwanan wata. Ta danna, shiru. Babu komai a ciki.

Ta san dalili. Lokacin da kwamfutocin suka cika, ita ta yi gyaran da ya sa na'ura ke matse kowane fayil da kanta. Abin da ta matse takan cusa shi a wani ɗan aljihu a gefen fayil, kusa da inda ake adana sunansa da mai shi. In an buɗe sai ta warware shi, ba mai lura. Abu ɗaya ta roƙa: a daina kwashe fayil zuwa rumbun ajiya da tsohuwar manhaja, domin ba ta san da aljihun ba, ɓawo take ɗauka ta bar ƙwaya.

Ta sami Rajistara yana kurɓar shayi, ya cire takalma.

"Yallaɓai, da wace manhaja aka kwashe shari'un bara?"

"Da wadda muka saba mana. Tun kina firamare muke aiki da ita."

"Na faɗa a taro, na maimaita."

"Kin faɗa da Turanci mai yawa. Ni na duba da idona, sunaye sun cika cif, sannan na sa aka goge na asali."

"Ka saurari ko ɗaya?"

Ya yi dariya. "Ni alƙali ne? Ke da kanki kika ce ba wanda zai ga bambanci. To, ba mu gani ba."

Maganar ta soke ta, amma fushinta bai sauka ba. Shekara guda ta muryoyin mutane, an shafe saboda wani ya ƙi koyon danna sabon wuri.

"Waccan tsohuwar, ki ce mata na'ura ta samu matsala, ta dawo wata mai zuwa," in ji shi. "Suna gajiya su daina zuwa."

Injiniya ta fita. Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango.

"'Yata, an samu?"

"Mama, zauna." Ta durƙusa a gabanta. "Muryar ta ɓata. Mu muka ɓatar da ita. Ba za ta dawo ba, ko wata mai zuwa, ko baɗi."

Tsohuwar ta koma kan benci.

"Gobe ce ranar ziyara," ta ce a hankali. "Na riga na gaya wa ɗana ya fara haɗa kayansa."